Na'urar awon zafi mai baki huɗu: a yashi ta burge ni, a jan ƙarfe ta watsa min ƙasa a ido

Tauraro uku zan ba ta, shi ma na ukun da ƙyar na sake shi. Irin na'urar nan ce da kowa ya sani, mai baki huɗu (wato wurin jona waya huɗu), wadda ake jona wa wayar jin zafi da ake kira tamokopul nau'in K tana adana awon zafin a katin ajiya. Na saye ta ne don in ga yadda AZ91 ke daskarewa a mazubai daban-daban, wato gamin maganiziyam ɗin nan mai alminiyam kusan kashi 9 cikin ɗari da tutiya kusan kashi 1.

A mazubin yashi, gaskiya ban da abin cewa. Yashi ba ya jan zafi da sauri, don haka layin da ke nuna saukar zafi a kan lokaci ya fito tas. Wajen digiri 595 na ma'aunin Celsius ya ɗan lanƙwasa, nan ne daskararren maganiziyam na farko, mai siffar rassan bishiya, yake fara tsirowa cikin narkakken ƙarfen. Ya ci gaba da gangarowa a hankali, sai can ƙasa ya sake tsayawa kaɗan. Wannan tsayuwa ta biyu ita nake nema. A gamin maganiziyam da alminiyam zalla, a digiri 437 take faruwa, a AZ91 kuwa tutiya na ɗan saukar da ita. A nan ne ragowar ruwan da ya maƙale tsakanin rassa, wanda alminiyam ya taru a cikinsa, yake daskarewa ya ba da Mg17Al12, wani haɗin maganiziyam da alminiyam mai tauri da saurin karyewa. Da na yanka samfurin, na goge, na sa a madubin ƙara girma, abin da layin ya faɗa shi na tarar: ƙwayoyi manya, tazara mai faɗi tsakanin rassa, ga Mg17Al12 kwance ɓaro-ɓaro a kan iyakoki. Ranar har na fara yi wa abokan aiki tallarta.

To, sai na koma mazubin jan ƙarfe, wanda shi ne ainihin dalilin sayen. Jan ƙarfe na zuƙe zafi nan take, siririn zubi cikin 'yan sakanni ya gama daskarewa. Na buɗe fayil ina zumuɗi, sai na ga layi ya faɗo tsaye kamar guga a rijiya. Ba lanƙwasar farko, ba tsayuwar biyu, ɗigo kaɗan ne kawai a warwatse. Ashe sau ɗaya take ɗaukar awo a kowane sakan, kuma babu yadda za ka ƙara mata sauri. A tallar sun rubuta cewa tana da saurin ɗauka, ba su sa lamba ba. Saurin me? Ga kuma wayoyin da suka haɗo da ita, rigarsu ta ƙarfe kauri gare ta, kafin zafi ya ratsa ya kai bakin wayar an riga an gama komai.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne samfurin kansa ya yi kyau ƙwarai. Ƙwayoyi ƙanana, rassa a matse, Mg17Al12 ya watsu ƙanana-ƙanana maimakon ya haɗu ya zama raga mai kauri. Wato ga shaida a madubi cewa saurin hucewa ya canza tsarin ƙarfen, amma ba ni da lambar da zan ce digiri kaza ne a sakan. Wanda ya san aikin nan ya san tazarar rassa da saurin hucewa tare ake rubuta su, ɗaya ba ya amfani sai da ɗaya. Kuma abin sha'awar AZ91 ke nan: maganiziyam na iya shanye alminiyam har kusan kashi 12.7 a digiri 437, don haka da za a huce shi sannu a hankali ƙwarai, wannan tsayuwa ta biyu ma ba za ta bayyana ba. Rashin lokacin da alminiyam zai bazu cikin daskararren ɓangaren ne ke haifar da ita.

Batiri na daɗewa, allon ana karanta shi ko daga nesa, wannan kam sun kyauta.

Yanzu da nake rubutu na tuna wata matsalar. Na tambayi mai sayarwa da wane ƙarfe aka yi rigar wayoyin, ko akwai ƙarfen nikel a ciki, domin narkakken maganiziyam na cin nikel, nikel kuma ko ɗan ƙanƙani ne yana lalata juriyar AZ91 ga tsatsa, shi ya sa ma'aunin AZ91D, wato tsarkakken nau'in AZ91, bai yarda ya wuce kashi 0.002 cikin ɗari ba. Amsar da ya turo min: "Ƙarfe ne mai kyau, yallaɓai." Na sake tambaya, shiru har yau. Na janye tauraro na ukun nan, biyu ya ishe ta. Mai zubin yashi ko mai lura da tanderun gashi ya saya, za ta yi masa. Ni dai na koma neman mai ɗaukar awo sau ɗari a sakan, da siraran wayoyi.