Kuɗin Littafi Uku Gare Ki: Wanne Za Ki Saya?

Ɗiyar yayata ta gama jarrabawa ta dawo Gusau zaman jiran sakamako. Ranar wata Asabar ta iske ni ina tsince shinkafa, ta ce, "Inna, ɗan abin da na tara bai wuce kuɗin littafi uku ba. Mi zan saye?" Amsar da na ba ta ce nake faɗaɗawa a nan, don na san ba ita kaɗai ke tsayawa gaban mai littattafai tana juya kuɗi a hannu ba.

Abin da ido ke fara faɗawa kai shi ne littattafan soyayya irin na Kano, masu bango mai sheƙi. Su ne mafi araha idan aka ɗauki ƙwaya ɗaya, kuma nan tarkon yake. Labari guda ake yankawa na ɗaya, na biyu, na uku, wani har na huɗu. Ki sayi na ɗaya, daidai inda amarya ta ɗaga labule ta ga abin da ta gani sai a ce mu haɗu a littafi na biyu. Saboda haka kafin ki taya, buɗe shafin ƙarshe ki gani ko an rubuta "ƙarshe", sannan ki tambayi mai rumfa ko sauran sassan na nan a hannunsa yau, ba "za a kawo daga Kano" ba. Ki kuma bi lambobin shafi da yatsa, don akan samu wanda aka ɗinke shi da shafuka a juye ko tawada ta dushe a tsakiya.

Ba na cikin masu raina waɗannan littattafai. Tun da daɗewa suke shiga ɗakunan mata da zancen auren dole da sakin wulaƙanci. Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu har Turanci aka mayar da shi, wani kamfani a Indiya ya buga a 2012. Sai dai irin wannan ɗaya ne cikin goma. Sauran sau ɗaya ake karanta su a aje, kuma abin da za a karanta sau ɗaya aro ya fi dacewa da shi, ko haya in har akwai mai bayarwa a unguwarku.

Yawancin marubutan ma yanzu sun koma waya. Ana sakin labari shafi-shafi a zaurukan WhatsApp, ko a manhajojin karatu irin su Wattpad da ArewaBooks. A ba ki farkon kyauta, in kin kamu a ce ki tura kuɗi. Da sauƙi, ba nauyin ɗauka, kuma akwai masu alƙalami na gaske a cikinsu. Amma na taɓa biyan kuɗin wani labari, muka kai tsakiya marubuciyar ta yi shiru, yau ciwo gobe waya ta lalace, har zauren ya watse. Tun daga ranar dokata ɗaya ce: ba na biya sai an kammala rubutawa. Ki kuma sani babu mai tacewa a can. Za ki ga "kasa" ba ki san ƙasa ake nufi ko kasa ba, Turanci da Hausa a cakuɗe, wani labarin kuma bai kamata ƙannenki su leƙa ba. Waɗanda ake karantawa da murya a YouTube sun dace da mai aikin hannu, ɗinki ko girki, in dai akwai data da caji. In gajerun labarai kike so, waɗanda suka yi fice a gasar Hikayata, wadda BBC Hausa ta fara wa mata a 2016, ana karanta su kyauta, kuma sun bi ta hannun alƙalai.

Inda nake so kuɗinki su tafi shi ne ɓangaren da 'yan mata ba su cika kallo ba, na littattafan da ba ƙirƙira ba. Mu nan ƙasar makaɗa ce. Musa Ɗanƙwairo ɗan ƙasar Bakura ne, ga Kassu Zurmi, ga Narambaɗa da har gobe ake kafa hujja da baitocinsa. Malaman jami'a irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau da Farfesa Aliyu Muhammad Bunza sun yi rubutu a kan makaɗan Hausa, kuma irin waɗannan littattafai ne za ki buɗe bayan shekara goma ki samu abin da ba ki lura da shi ba a karon farko. Waƙar da kika saba ji a motar haya ba ki kama rabin kalmominta ba, sai ga ta a rubuce, an faɗa miki sarkin da aka yi wa ita da wanda ake yi wa zambo a ciki. Matsalarsu ɗaya: kaɗan ake bugawa, kuma ba kasafai ake sake bugu ba. In kin gani yau, ki saya yau. Ba lallai a same su a kasuwa ba. Sau da yawa sai an tambayi ɗalibai ko malaman Hausa na jami'a, nan Gusau ko Sakkwato.

A nan ma akwai tsakuwa cikin shinkafa. Littattafan tarihin masarautu da na manyan mutane, waɗanda ake ƙaddamarwa a taro a tara kuɗi, da yawansu kirari ne aka yi wa bango mai kauri. Gwajina shi ne in buɗe tsakiya in karanta shafi ɗaya. Idan marubuci ya ce an yi yaƙi ko an naɗa sarki, ya faɗi daga bakin wa ya ji, ko a wace takarda ya gani? In duk shafin "gwarzo" ne da "haziƙi", sai in mayar da shi inda na ɗauko. Haka fassarar rubuce-rubucen Malam Abdullahi na Gwandu ko waƙoƙin Nana Asma'u: ki zaɓi bugun da ya kawo Larabcin ko ajamin tare da fassara, don ki iya kai wa malaminku na Islamiyya ya duba miki in wani wuri ya shige duhu.

Sai ƙagaggun labaran da 'yan Arewa ke rubutawa da Turanci. Abubakar Adam Ibrahim ya ci kyautar adabi ta kamfanin iskar gas na NLNG a 2016, dala 100,000, kuma littafin nasa, Season of Crimson Blossoms, ya cancanta, sai dai na manya ne. Irin waɗannan suna da takarda mai kyau da aikin edita, amma guda ɗaya zai iya cinye kuɗin nan naki duka, ga kuɗin mota in daga Abuja ko Kaduna za a aiko. Wanda kika ga an karyar da farashinsa ƙwarai, duba rubutun da kyau, galibi na sata ne aka ɗauki hotonsa. Ku haɗu ku uku ku sayi na gaske ɗaya, ya zagaya.

Da muka je kasuwa, mai littattafan ya zube mata na soyayya kusan ashirin yana cewa, "Hajiya, bar ta ta zaɓa, wagga ita ad daɗin yara yanzu." Ta juya su, ta duba shafin ƙarshe kamar yadda na koya mata, biyu kaɗai suka cika a hannunsa. Ta ɗauki ɗaya mai sassa biyu. Ragowar kuɗin ba su kai na littafin makaɗa da muka tono a ƙasan tulin ba, duk ya yi ƙura, sai na cika mata, bisa sharaɗin ni zan fara karantawa.