Grandville: dabbobi ne sanye da kwat, amma ba na yara ba ne

Na so in saya wa ƙanena wannan littafin labari cikin zane mai suna Grandville, don na ga dabba da kwat a bangonsa. Allah ya sa na fara buɗe shi da kaina. Har yau yana wurina.

Bryan Talbot, ɗan Ingila, shi ya rubuta shi ya kuma zana, aka buga a 2009. A duniyar da ya ƙago, Faransa ce ta ci Ingila da yaƙi tun zamanin Napoleon, ta daɗe tana mulkinta. Komai kuma da tururi yake aiki: manyan jiragen sama masu kama da balan-balan, mutum-mutumin ƙarfe, jirgin ƙasa mai ƙetare teku a kan gada. Sufeto LeBrock na Scotland Yard, wato hedikwatar 'yan sandan Landan, wata dabba ce dangin dage mai faɗin ƙirji, shi da mataimakinsa Ratzi, ɓera mai son gayu, suka bi sawun kisan wani jami'in diflomasiyya har Faris.

Zanen ba a magana. Akwai shafukan da na daɗe ina kallo ban karanta kalma ko ɗaya ba, ina ta bin fitilun titi da hayaƙi da tufafin masu wucewa. Amma abin da ya tsaya mini a rai shi ne 'yan Adam. Suna nan a cikin labarin, sai dai su ne masu dako da shara, dabbobi suna kallonsu a wulaƙance, har da sunan raini da suka laƙaba musu. Mu da muka tashi da tatsuniyar gizo da kura mun saba dabba ta yi magana, amma ban taɓa ganin an ajiye mutum a ƙasan kowa haka ba. Talbot bai tsaya yin wa'azi a kai ba, yana dai saka su a gefen hoto ne, kai ka lura da kanka.

Inda ya gaza mini shi ne binciken. Tun kafin ƙarshe na gane inda aka dosa, kuma LeBrock ya fi amfani da bindiga da ƙwanji fiye da ƙwaƙwalwa. Jini ya yi yawa, har da azabtarwa, shi ya sa ban ba yaron ba.

Littattafan labarin LeBrock biyar ne, na biyar ya fito a 2017. Na riga na yi odar na biyun, Grandville Mon Amour.