Sharhi Kan Ajin Masu Juna Biyu a Wata Cibiyar Lafiya da Ke Argungu

Ajin da ake yi wa masu juna biyu kafin a fara awo a wannan cibiya ya cancanci yabo, kuma ungozomar da ke jagorantarsa ce ƙashin bayansa. Tana ƙarfafa mata su riƙa yi wa ɗan da ke ciki magana ko karatun Alƙur'ani, tana bayyana cewa daga wajen mako na 24 jariri kan ji sauti har ya motsa, kuma muryar mahaifiyarsa ce ta fi isa gare shi domin ta cikin jikinta take ratsawa. Masu cikin fari sukan sunkuyar da kai, abin da ba zai ba da mamaki ba a inda kunya ke hana uwa kiran sunan ɗan fari ko bayan haihuwa, amma ba ta tsananta musu.

Bayaninta kan abinci bai wuce ƙarfin talaka ba: wake, zogale, ƙwai da kifin da garin ya yi suna da shi. Ta gargaɗi mata kada su sha ƙwayar ƙarin jini da shayi, domin yana rage amfaninta, sannan ta nanata kwana cikin gidan sauro da karɓar maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro tun daga mako na 13, wanda ya zama dole ga mazauna bakin fadama.

Illar wurin ita ce cunkoso da ƙarancin benci. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar zuwa awo sau 8, amma macen da ta wuni a tsaye da tsohon ciki da wuya ta cika wannan adadi.