Na'urar gwajin akwatin wutar kwamfuta: amfaninta da iyakarta

Ƙaramar na'urar nan mai allo da ake gwada PSU, wato akwatin wutar kwamfuta, da ita ta cancanci saye ga mai fama da kwamfutar da ke mutuwa haka kawai. A kashe wuta, a zare babban filogin akwatin mai haƙori 24 daga cikin kwamfutar, a soka shi a jikinta, a kunna. Nan take lambobi za su fito.

Ya kamata layin bolt 12 ya tsaya tsakanin 11.4 da 12.6, na bolt 5 tsakanin 4.75 da 5.25. Idan ɗaya ya kauce za ta yi ƙara. A canza akwatin, kada a buɗe shi, domin yana riƙe wuta ko an cire shi daga soket.

Sai dai tana da babban rauni: ba ta ɗora wa akwatin nauyi. Tsohon akwati zai iya nuna lambobi lafiya lau, amma da katin hoto, wato ɓangaren da ke fitar da hoto a allon kwamfuta, ya fara jan wuta sai ya yanke. In ta ce lafiya, a duba zafin firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, da ƙurar fanka, sannan a aro wani akwatin mai kyau a gwada.