Sandar faibagilas ko ta girafait: wacce za ka saya don kamun kifin salmon da walleye?

Ana ta tambayata wai wacce sandar fatsa ta fi in za a ja ƙugiya a bayan jirgi a manyan tafkunan Amurka, to ga yadda na gani.

Ta faibagilas, wato wadda aka yi da zaren gilashi haɗe da roba, tafi araha, ga ƙarko, ko ta faɗi a jirgi ko yaro ya taka ta da wuya ta karye, kuma tana lanƙwasa tun daga tsakiya, shi yasa in salmon ɗin Tafkin Michigan ya fizgi zare ya ruga sandar ce ke shanye ƙarfin, ƙugiya bata fita daga bakinsa. Nauyi ne matsalarta, amma ai yawancin lokaci a maƙale take a mazauninta a jikin jirgi ba a hannunka ba.

Girafait kuwa, wato wadda aka yi da zaren kabon, ba nauyi, tsininta na nuna maka ɗan motsi kaɗan, ko ciyawa ce ta maƙale zaka gane, walleye na Tafkin Erie kuma cizonsa a hankali yake. Sai dai tsada, kuma ɗan bugu kaɗan sai ta tsage.

Sabon shiga da mai neman salmon, faibagilas mai ƙafa 8 da rabi zuwa 9 ta ishe shi. Wanda walleye ne aikinsa kuma yana lallaɓa kayansa, girafait zata fi masa daɗi.