Na kai alluran garmaho wasawa a Dilimi

Garmahon na kakana ne, ya saye shi zamanin da yake aikin kuza a Bukuru. Da aka zo rabon gado shi na roƙa, aka haɗa mini da fayafai 31 da wani ɗan gwangwani na His Master's Voice, mai hoton karen nan da ya kasa kunne. A cikinsa akwai alluran ƙarfe kusan 60, duk an yi aiki da su. Wata biyu ina sa su, sai na ji goge yana fita da kaushi, kuma wani gari mai ruwan toka yana taruwa a bakin allura bayan kowane faifai. Shi ne abokina ya kwatanta mini wani dattijo mai gyaran agogo da rediyo a wajen Dilimi, nan Jos.

Wasawa na je nema. Baba ya ɗauki guda, ya saƙala tabaron nan na ido ɗaya na masu agogo, ya jujjuya ta a hasken taga, sannan ya miƙo mini tabaron. Da ido, tsininta lafiya lau. A tabarau kuwa bakin ya cinye, ya yi kaifi kamar gizago.

"Ɗana, ta ƙarfe ba a wasa ta," in ji shi. "Fuska ɗaya take yi, a jefar."

Bayaninsa shi ne ribar tafiyar. Waɗannan fayafai masu juyi 78 a minti ɗaya, da shalak ake yin su, wato ƙaron da wani ƙwaro ke fitarwa a Indiya, a cakuɗa da garin dutse. Da gangan aka yi haka don faifai ya ci allura, kada allura ta ci faifai. Cikin minti uku da fuskar faifai mai inci 10 ke ɗauka, ga nauyin kan garmaho da ya haura giram 100 a kanta, bakinta ya riga ya daidaita da layin da take bi. In ka cire ta ka sake ɗaurawa, kaifin nan ya juya, sai ya riƙa sassaƙe bangon layin. Garin da nake gani, faifan kakana ne ke zuba. Ranar ban yi barcin kirki ba, don akwai faifan kalangu guda da na fi sawa, kuma abin da ya zube ba ya dawowa.

Da wani mai sana'ar ne, da ya karɓi kuɗina ya goga su a dutse ya ba ni. Baba bai yi haka ba, kuma a nan na yarda da shi.

Abin da yake fiƙewa ƙaya ce. Turawa sun daɗe suna amfani da allurar ƙaya da ta gora. Ta gora mai kusurwa uku ce, yanke bakinta ake yi, ita kuwa ƙaya gogawa. Yana da wata tsohuwar na'ura 'yar ƙarama mai faifan samfefa mai laushi, a damƙe ƙayar a gicciye, a juya hannu, tana jujjuyawa tana goguwa ta ko'ina. Busasshiyar ƙayar aduwa ya zaɓo mini guda goma. Kowace ya fiƙe sai ya duba a tabarau, har ya yar da uku da ya ce suna da tsaga. Ya kuma canza robar da ke riƙe da marfin sauti, wato fallen da ke kaɗawa a cikin kan garmaho, don ta bushe ta yi tauri.

A gida sautin ya yi taushi, shuuu ɗin nan ya ragu sosai, muryar mawaƙi ta fito fes. Amma ƙarar ta yi ƙasa; in yara na wasa a tsakar gida sai na matso kusa. Kuma a fayafan da suka riga suka ci wuya, inda kiɗa ya yi ƙarfi, tsinin yakan karye kafin a kai ƙarshe, sauti ya dusashe nan take. Da damina ta sauka abin ya ƙaru, don sanyin Jos da danshi suna sa ƙaya laushi. Yanzu a kwalba mai murfi nake ajiye su.

Inda ban ji daɗi ba shi ne jira. Kwana uku ya ce, sai da na yi zuwa huɗu cikin mako uku. Kuma ba ya sayar da na'urar, dole kowace fiƙewa sai na koma wurinsa.

Duk da haka zan tura duk mai garmaho can, ko don duba allura kaɗai. Fayafai masu lafiya ƙaya nake sa musu. Waɗanda suka ji jiki kuwa, na sa ƙanena ya aiko mini da sababbin alluran ƙarfe masu sauti a hankali daga Ingila, ɗari a fakiti, kowace fuska da tata. Tsofaffin 60 ɗin na mayar da su gwangwaninsu na rufe, suna cikin akwatin kaka.