Wutar "iska zalla" da na shiga a Houston, ga abin da na gani

Tunda a nan Texas kai ne ke zaɓar kamfanin da zai sayar maka da wuta, bara sai na koma wani da ke tallar wai wutarsu ɗari bisa ɗari daga iska take. Ba zan kama suna ba. Rajistar ba wahala, ta waya na gama, ko ɗaukewa wuta ba ta yi ba ranar da aka canza.

Matsalar bil ne. Ashe rangwamen da suke yi a bil sai ka sha kilowat-awa 1000 a wata sannan yake shigowa, lokacin zafi da AC ke aiki dare da rana ba damuwa, amma da sanyi ya fara shigowa muka rage sha, sai ga bil ya fi na baya tsada, na kira su wata baiwar Allah ta ce ai yana rubuce a takardar. Kuma yana nan ɗin, da ƙananan rubutu can ƙasa, ni ne ban karanta ba.

Maganar iska zalla kuwa, waya ɗaya ce ke kawo mana wuta ni da maƙwabcina, ta gas da ta iska da ta sola duk a cakuɗe. Takardar shaida kawai kamfanin ke saya cewa an samar da wutar iska daidai abin da na sha. Tsarin ya samo asali ne daga dokar 1999 da George W. Bush ya sa wa hannu yana gwamna, wadda ta tilasta samar da ƙarin megawat 2,000 na wuta irin ta iska da sola, daga baya aka sa burin 10,000 zuwa 2025. To tun wajen 2010 aka wuce wannan, shi ya sa takardun suka yi araha tilis. A ganina dokar tura motar wutar iska kawai ta yi har ta tashi, abin da ya ja ta shi ne manyan layukan wuta na kusan dala biliyan 7 da aka jawo daga yammacin jihar, da rangwamen haraji na tarayya. Wanda ya taɓa bin hanyar garin Sweetwater da ke yammacin jihar ya ga injinan wutar iska iya ganinsa.

Tauraro 3 na ba kamfanin. Kwantiragi na ƙarewa zan duba wani, wannan karon da tabarau.